Takabar Yamna a Gidan Jan Fenti

Ni ce mai wankan gawar mata a Tazart, yau shekara talatin da ɗoriya, kuma mai irin wannan aiki ba ta da baki. Abin da hannunta ya taɓa a jikin mamaci, da shi take shiga nata kabarin. Na riƙe wannan ƙa'ida har haƙorana suka zube. Amma maganar Yamna kam sai na faɗe ta, wanda zai ji haushi ya ji, in ya ga dama ya hau dutse ya faɗo. Sunana Ijja, kuma ban yafe ba.

Da ƙasa ta girgiza ta kwantar da ƙauyenmu, kwana uku muka yi muna tono muna binnewa. Mata ashirin da shida suka bi ta hannuna, wasu ma taimama kawai na yi musu don bututun ruwa ya fashe. Limaminmu hasumiyar masallaci ce ta danne shi. Cikin mazan da aka binne har da Bihi, mijin Yamna, wanda azara ta faɗo masa a wuya lokacin da ya shiga kwance alfadarinsa. Aurensu shekara biyu, Allah bai ba su haihuwa ba. Ita 'yar wani ƙauye ce can bayan dutse, kuma a gidansu ba wanda ya fita da rai sai ƙanwa ɗaya da aka kwasa zuwa asibiti a Marakish.

Sojoji suka kafa tantuna a masussuka, can ƙasa bakin rafi, duk muka sauka. Sai ga injiniyoyi suna bi gida gida suna ƙwanƙwasa bango. Wanda suka shafa wa kore a shiga, wanda suka shafa wa ja ko akuya kada a ɗaure a ciki. Gidan Bihi shi ne na ƙarshe ta sama. Ɗaki ɗaya da madafa suka rage a tsaye, da wata tsaga a bangon gabas wadda hannuna ke shiga har wuyan hannu. Ja suka shafa masa, ƙato, a jikin ƙofa.

Ni na sa wa Yamna kayan takaba a tantina kamar yadda muke yi, fari tun daga ɗankwali har takalmi, wata huɗu da kwana goma. Tana kwana a bayana, ba ta magana sai an tambaye ta. Kwana na shida sai ga Bujama'a, yayan Bihi, daga Agadir inda yake tuƙa motar 'yan yawon buɗe ido. Ya iso da matarsa da yaransa da baƙin tabarau. Jana'izar ƙaninsa bai samu ba, wai hanya a toshe take. Hanyar da ta toshe masa ranar jana'iza ita ce ta buɗe masa da aka ce masu rubuta sunayen agaji suna tafe.

Da hantsi suka tsaya a bakin tantina, shi da uwarsa Mamas.

Ya kira ni da Lalla, yadda muke girmama dattijuwa, ya ce, "Lalla Ijja, mun gode da ɗawainiya. Mun zo ɗaukar matar ƙanina. Takaba a ɗakin miji ake yin ta, ba a sansani cikin sojoji da baƙin maza ba."

Na ce, "Wane ɗakin? Wanda aka shafa wa ja?"

"Haba Lalla, fenti ne fa. Yaran gwamnati ne suka zo da gwangwani suna shafe-shafe don a ce sun yi aiki. Gidan da ya tsaya wa babbar girgiza, 'yan ƙanana ne za su kayar da shi?"

"To je ka kwana a ciki mana, tunda fenti ne."

Ya yi wata dariya ta 'yan birni. "Ai ba ni ke takaba ba."

Mamas sa'ata ce, tare muka yi kiwon awaki muna 'yan mata, na san halinta kamar yunwar cikina. Ta leƙo, ba ni take kallo ba, yarinyar take kallo.

Ta ce, "Ɗana yana ƙarƙashin ƙasa. Abin da ya rage masa a duniya kwanakin nan ne. Duk takun da matarsa ta yi a wajen ɗakinsa, kabarinsa ne zai matse shi. Haka muka ji daga iyaye."

Wallahi ban taɓa jin wannan daga iyayen kowa ba, kuma na girme ta da wata bakwai. Na buɗe baki zan faɗa, sai na ga Yamna ta miƙe tana naɗe bargonta. Na riƙe hannunta, ta zare a hankali, ta ce, "Bari, Lalla Ijja. Kada a matse shi saboda ni."

Washegari masu rubuta sunaye suka zo, na kuwa gane inda aka dosa. Kowane gida da katinsa, matar da mijinta ya mutu kuma ita ce mai gida, ita ke gaba a layi. Da aka kira sunan Yamna, Bujama'a ya matsa ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki, ya ce tana takaba, ba ta ganin maza, shi ne wakilinta. Aka miƙa masa kati, da tanti sabo fil, da barguna huɗu, da murhun gas, da buhun fulawa, da mai. Kafin la'asar matarsa Zaina ta shimfiɗa tabarma a tantin tana soya ƙwai. Mai katin kuwa aka aika mata bargo ɗaya da rabin kwanon garin sha'ir.

Na je wurin ma'aikacin da ke riƙe da littafi, na ɗaga murya na zayyana masa komai. To ni Shilhanci kawai nake ji, harshenmu na mutanen dutse, shi kuma Larabci. Wa zai yi mana tafinta? Bujama'a! Ya tsaya tsakaninmu yana murmushi yana juya maganata. Ban san me ya ce na ce ba. Na dai ga mutumin ya dafa ƙirji ya yi min godiya, ya sa aka ƙara min bargo. Na tsaya da bargo a hannu kamar wadda aka watsa wa ruwan sanyi, mutane na yi min barka.

Daga ranar, kullum da safe sai na hau. Tafiyar da yarinya za ta yi kafin shayi ya tafasa, ni sai na huta sau uku, gwiwoyina suna ƙara kamar tsohuwar ƙofa. Jarkar ruwa a baya, kwanon kunun sha'ir a hannu. Ƙauyen ba kowa sai karnuka da ƙudaje. Ka bi ta kan gidajen mutane, nan takalmin yaro, can rabin tukunya. Can ƙarshe sai ka hangi fari a bakin ƙofa, Yamna ce zaune daga ciki, ƙafafunta ba su ƙetare dokin ƙofa ba.

Ƙasa kuwa ba ta daina motsi ba. Wani lokaci sau biyu a yini. A sansani in ta motsa sai mu yi salati mu ci gaba da abin da muke yi, tanti ba ya kashe mutum. A can sama kuwa ƙasa ce ke zubowa daga rufi, cikin abincinta, cikin gashinta. Bayan mako uku na tarar ta daina kwanciya, a zaune take barci ta jingina da ƙofa. Na sa hannu a tsagar bangon, ya shige har gwiwar hannu. Ta cusa tsummoki a ciki wai don iska.

Na ce, "'Yar nan, tashi mu tafi. Tantina ya ishe mu."

Ta ce, "Kwana ashirin da biyu na yi, Lalla. In na fita yanzu sun tafi a banza."

"Wa ya gaya miki?"

"Yaya Bujama'a. Ya ce sai a sake daga farko."

Kun ji fa. Direban 'yan yawon buɗe ido ya zama mai fatawa, don liman yana kabari.

Da farko mata suna rakiyata, su zauna a waje su yi mata hira. Sai wani dutse ya gangaro ya kusa tafiya da 'yar maƙwabciyata, maza suka hana matansu hawa. Ban ga laifinsu ba. Na ga laifin mukaddam, mai unguwarmu, da na same shi na ce ya sa baki. Yana zaune a tantin Bujama'a da kofin shayi a hannu, ya ce, "Lalla Ijja, wannan maganar cikin gida ce. Ni gwamnati ta ɗora ni a kan sansani, ba a kan takabar mutane ba." Na dubi Zaina na ce ko lungu ɗaya ta bar wa mai tantin. Ta ce, "Ina wurin yake, Lalla? Yara huɗu ne fa, ga kaya. Kuma ni ina tsoron fararen kayan nan kusa da yarana." Tsoron kayan take yi, ba ta tsoron man da take soya ƙwai da shi.

Ranar sadakar arba'in aka yi kuskus a sansani da sunan Bihi, tukunya uku, da garin katin Yamna da man katin Yamna. Maza suka ci suka yi addu'a suna sa wa Bujama'a albarka, wai ya riƙe zumunci. Da la'asar Mamas ta ce za ta hau ta kai wa surukarta, don mutane su gani. Na bi ta. Muna isa ta ja birki taku goma daga ƙofar, ta miƙo kwanon daga nesa, abinci ya riga ya sandare.

Na ce, "Shiga mana, Mamas. Ɗakin ɗanki ne."

"Ƙafata ce ke ciwo."

"Ƙafar da ta hau dutsen nan ce ta kasa taku goma?"

Ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ɗaga murya ta ce wa Yamna, "Kina dai riƙe da alkawari ko? Kada ki manta wa ya ce masa alfadari na kuka."

Yamna ta sunkuyar da kai. Sai da tsohuwar ta juya ta gangara sannan Yamna ta gaya min. Ranar girgiza sun riga sun fito waje ita da Bihi, lafiya lau. Ita ce ta ce, Bihi, alfadari na kuka. Shi ne ya koma. Ta faɗa wa surukarta da bakinta ranar jana'iza, tana kuka tana neman gafara, Mamas kuwa ta karɓa ta adana kamar wuƙa.

Na ce, "Ke kika girgiza ƙasar? Ke kika saki azarar?"

Ta ce, "Da na yi shiru da yana nan."

Ranar kasuwa na roƙi direban motar agaji ya sauka da ni gari. Na nemi babban malami a masallacin Juma'a, dattijo mai jin harshenmu, na kwashe komai na gaya masa. Bai ma bari na gama ba. Ya ce, "Subhanallahi! Wace shari'a ce wannan? Mai takaba in ta ji tsoron rushewar gida ta tashi ta koma inda take da aminci, ta ci gaba da ƙirgenta daga inda ta tsaya. Wanda ya hana ta, alhakin ranta na wuyansa." Ya rubuta a takarda ya ba ni. Na dawo ina jin kamar na ɗauko wa yarinyar nan sabon rai.

Wautata ɗaya, na fara biyawa ta wurin Bujama'a, don a yi abu a mutunce. Ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu.

Ya ce, "Malaman kasuwa ke nan. Kowa ya je da kuka sai su rubuta masa abin da yake so."

"Ba ni takardata."

"Zan ajiye miki, Lalla. Kada ta jiƙe."

Na hau sama ba takarda, na faɗa wa Yamna da baki abin da malam ya ce, kalma kalma. Ta saurara, idonta ya kawo ruwa, har na ga ta kalli hanya. Sai ta ce, "In malamin ne ya yi kuskure fa? Ni zan sha azabar, ko Bihi?" Na zage ta ranar, Allah ya yafe min, na ce mata sakarya, na ce mataccen da aka binne ba ya bukatar gawa ta biyu. Ta bar ni na gama, sannan ta ce in sha ruwa kafin in sauka.

Sanyi ya shigo. Dutse ya fara yin fari da ƙanƙara daga sama. Ba ta fita neman itace, ni kuma ba na iya ɗaukar ruwa da itace tare, sai ta fara ƙona abin da ke ɗakin. Ta ƙona kujera, ta ƙona akwatin aurenta, daga baya ta kwance masaƙar da take saƙa darduma ta ƙona ta sanda sanda. Tari ya kama ta, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Zoben hannunta ya fara zamewa har ta ɗaure shi da zare. Fararen kayan suka koma kalar toka, ta wanke su a kwano da ruwan da ya kamata ta sha. Tsagar kuwa, wata safiya ina zaune na ga kyanwa ta shigo ta cikinta ta fita ta cikinta, ko gefenta bai taɓa bango ba.

Na sake komawa wurin Mamas, wannan karon ba faɗa, roƙo. Na durƙusa mata, ni Ijja, a gaban jikokinta.

Na ce, "Mamas, don nonon da muka sha, ki ce mata ta sauko. Maganarki kawai take jira. Kalma ɗaya."

Ta ce, "Saura kwana nawa ne ma? Talatin da wani abu. Wadda ta yi casa'in za ta kasa talatin? Mu da muka yi tamu takabar, wa ya ji bakinmu?"

"Taki a gida mai lafiya kika yi, ana kawo miki nama."

"Kowa da rabonsa, Ijja. Rai a hannun Allah yake."

Bujama'a yana gefe yana latsa waya, ya ce, "Ki ƙara haƙuri, Lalla. An kusa kawo kwantena. Da zarar ta gama, sai mu ga yadda za a yi da ita."

Yadda za a yi da ita. Kamar tsohuwar katifa.

Kwantenonin suka iso a manyan motoci, ɗakunan ƙarfe masu taga da ƙofa, guda takwas kacal, na matan da suka rasa mazaje ne tukuna. Aka jera su, aka manna takarda a jikin kowace ƙofa. Jikata mai zuwa makaranta ta karanta min ta uku, sunan Yamna ne ɓaro-ɓaro. Aka ce ranar Alhamis ma'aikata za su zo daga lardi a dangwala yatsa a karɓi makulli. Tun Talata Zaina ta sa aka buɗe mata tana share ciki, ta shimfiɗa darduma, ta jera barguna, har labule ta rataya. Kwana uku ana zuba ƙanƙara, ranar Laraba rana ta fito, duk ta narke ta shige cikin bangayen ƙasa.

Na yi shawara da mata biyu, Tuda da Hniya, zawarawa irina waɗanda ba namijin da zai hana su. Muka ce ranar Alhamis ko tana so ko ba ta so sai mun sauko da ita, ko da a goye ne, ta tsaya gaban ma'aikata da ƙafarta. Da mun yi haka tun da wata guda! Wannan laifin nawa ne, kuma ina ɗauke da shi.

Alhamis da safe muka kama hanya. Mun wuce rusasshen masallaci, saura kamar jifa biyu, sai na ji karnuka sun ɗauki haushi gaba ɗaya. Ƙasa ta motsa a ƙarƙashinmu. Ba babba ba ce, wallahi a sansani an ce ko shayi bai zube ba. Na ɗaga kai na ga ƙura na tashi daga bangon gabas, na ga Yamna ta taso da gudu ta iso bakin ƙofa. Ƙofar a buɗe take. Fili ne a gabanta.

Na kwarma ihu, "Fito! Yamna, fito!"

Ta gan ni. Ta ɗaga ƙafa ɗaya sama da dokin ƙofa, da idona na gani, Tuda ta gani, Hniya ta gani. Ta tsaya haka. Sai ta mayar da ita ciki.

Rufin ya sauko.

Da hannu muka tona. Ba nisa, a nan bakin ƙofa take, rabin taku tsakaninta da waje. Na share mata ƙasa daga fuska, na rufe mata ido. Ban yi kuka ba.

Ƙarar ta kai sansani, maza suka hauro, Bujama'a a gaba yana haki. Ya yi salati da ƙarfi don a ji. Sannan ya matso kusa da ni ya rage murya.

"Lalla Ijja, ƙaddara ta riga fata. Ki yi mata wanka a nan, maƙabarta ga ta kusa. A gaggauta, sunna ce. Ba sai an tayar da hankalin baƙi ba, sun kusa isowa."

Na ce, "A nan? Cikin kango? Mace mai ɗakinta?"

"Wane ɗaki?"

Na ce wa Tuda da Hniya su ciro ƙofar. Muka ɗora Yamna a kanta, jan fentin yana ƙarƙashin bayanta, muka lulluɓe ta da mayafina. Maza suka miƙo hannu, na ce kada wanda ya taɓa ta, ai tana takaba, ba ta ganin maza. Ba wanda ya iya ɗaga ido. Kafin mu kai rabin hanya matan sansani sun hauro sun tarye mu, kafaɗa ta karɓi kafaɗa. Bujama'a yana biye yana "Lalla, Lalla, ki ji tsoron Allah." Yau shi ke tuna min tsoron Allah.

Kai tsaye kwantena ta uku muka nufa. Zaina na tsaye a ƙofa da tsintsiya. Ta ga abin da ke tafe, ta saki tsintsiyar ta yi gefe tana ihu. Muka shiga. Na sa aka kwantar da Yamna a tsakiyar ɗaki, a kan sabuwar dardumar Zaina. Na ce a ɗora ruwa a murhun gas ɗin nan, a dafa shi da kyau, yarinyar nan ta sha sanyi ya isa. Na yi mata wanka a nutse, ban taɓa yi wa wata gawa irinsa ba. Haƙarƙarinta ana ƙirgawa. Ruwan ya bi darduma, ya bi bargunan nan, ya gangara ta ƙarƙashin ƙofa har waje inda Mamas ke zaune a ƙasa, ta janye ƙafarta.

Ina cikin naɗa likkafani na ji motoci. Na ji muryar Bujama'a a waje yana zuba Larabci, da sauri da sauri. Na buɗe ƙofa. Ma'aikata uku ne, da mace ɗaya mai riƙe da takardu da abin dangwale. Ban nemi tafinta ba. Na kama hannun matar na ja ta ciki. Na nuna mata sunan da ke jikin ƙofa, na nuna mata wadda ke kwance. Na zaro hannun Yamna daga likkafani, na ɗaga babban yatsanta, na miƙa mata.

Na ce, "Ga mai gidan. Dangwala."

Takardun suka zube daga hannunta. Ashe 'yar dutse ce ita ma, aiki ya kai ta birni. Ta ce min da Shilhanci, "Inna, me ya faru a nan?"

Na ce, "Zauna, 'yata. Yau kwana casa'in da bakwai nake neman mai jin harshena."

Na faɗa mata duka, ƙofa a buɗe, sansani gaba ɗaya na tsaye. Na faɗi kati, na faɗi tanti, na faɗi takardar malam da ke aljihun wancan, na faɗi shayin mukaddam, na faɗi maganar matse kabari da wadda ta ƙirƙiro ta. Duk wanda na ambata sai na nuna shi da yatsa. Bujama'a ya fara rantse-rantse, Tuda ta ce, "Rufe mana baki, tafintan shaiɗan!" Aka sa ya juye aljihunsa. Takardar tana nan, a ninke yadda ya ninke ta.

Jandarmomi sun tafi da shi, kwana uku suka sako shi. Wai ba shi ya girgiza ƙasa ba, kuma ba a ga kwaɗo a ƙofa ba. Gaskiya ne, ba a ga kwaɗo ba. An dai karɓe kati, an karɓe tanti, an ba wa wata mai marayu biyar kwantenar. A sansani ba mai amsa sallamarsa. In ya shiga sahu a masallacin tanti, sai wanda ke kusa da shi ya matsa. Mako bai cika ba ya kwashe matarsa da yaransa ya koma Agadir. Uwarsa kuwa ya bar ta, wai gidan haya ne, ɗaki biyu, ba wuri.

Yanzu Mamas tana tsohon tantinta ita kaɗai. Ba mu hana ta ruwa ba, ba mu hana ta gari ba, mu ba irinsu ba ne. Amma in ta kawo ƙullinta tanderun da muke gasa burodi tare, sai mata su kwashe nasu su jira ta gama. Ta rame, tari ya kama ta ita ma.

Shekaranjiya da azahar ta zo bakin tantina tana dogara sanda, da curin sukari a naɗe cikin shuɗiyar takarda, irin wanda muke kaiwa in za a nemi sulhu. Ta ajiye a gabana. Na bar shi a nan inda ta ajiye.

Ta ce, "Ijja, jikin nan ya ƙi. Ina jin ba zan ga bazara ba."

Na ci gaba da tsince sha'ir ɗina.

"Ba ni da 'ya mace. Ba wadda ta iya aikin nan sai ke. In ta Allah ta kasance, za ki wanke ni?"

Na ɗaga kai na dube ta, tun daga ɗankwali har takalmi. Na san amsar. Zan wanke ta, farilla ce, ba ni na kafa ta ba, kuma ba zan shiga wuta saboda Mamas ba. Amma kalma ɗaya na durƙusa na roƙe ta a gaban jikokinta ta hana ni. Ta tsaya tana jira har inuwa ta juya, sannan ta ɗauki sukarinta ta tafi.

Jiya ma ta dawo ta sake tambaya. Na ce mata ta matsa, ta tare min haske.